Karatun OT a Amurka: lissafa giɓin kuɗi kafin ka biya kafin alƙalami

Idan jami'a ta ɗauki mutum karatun OT a Amurka, bayan takardar albishir wata takarda ke biyowa, wadda suke kira takardar tallafin kuɗi. Sunan ne ke ruɗar mutane. A matakin digiri na biyu kusan duk abin da ke cikinta bashi ne mai kuɗin ruwa, kuma daga 1 ga Yuli, 2026 bashin gwamnatin ma ba ya rufe kuɗin yawancin makarantu. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nawa ya rage bayan an cire abin da aka ba ka, kuma wa zai biya shi.

Ga wanda bai san fannin ba, OT (occupational therapy) shi ne aikin mayar da majinyaci kan harkokinsa na yau da kullum: wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama ya sake koyon sa riga da wanka, yaron da ba ya iya riƙe fensir a gyara masa riƙo, tsohuwar da ta karye a ƙugu a tsara mata banɗaki. Dangin gashin ƙashi ne, amma kowanne da lasisinsa. Ga mai karatu a Amurka, ba a samun lasisin OT sai da digiri na biyu ko digirin dakta daga shirin da hukumar ACOTE ta tantance, sannan a ci jarabawar NBCOT.

Wa gwamnati ke ba wa bashi

Ƙofar shiga ita ce fom ɗin FAFSA, wanda akan buɗe ranar 1 ga Oktoba, kuma kyauta ake cikewa. 'Yan ƙasa da masu girin kad da waɗanda aka ba mafaka ne suka cancanta. Wanda ya shigo da bizar karatu ta F-1 ba shi da rabo a bashin gwamnatin tarayya ko sisin kwabo, kuma tun kafin jami'a ta ba shi takardar I-20, wadda ake neman bizar da ita, sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Irin wannan ɗalibi abin da ya rage masa shi ne tallafin jami'ar kanta, da aikin cikin makaranta na awa 20 a mako, da bankunan da akasarinsu ba sa ba da rance sai da mai tsaya masa mazaunin Amurka.

Ɗalibin digiri na biyu ana ɗaukarsa mai zaman kansa, don haka FAFSA ba ta tambayar abin da iyayensa ke samu. Bayanan harajin shekara biyu baya take amfani da su. Wannan yana da illa ga wanda ya yi aiki mai albashi ya ajiye don karatu, domin fom ɗin zai nuna shi mai hali alhali babu abin da ke shigo masa. Maganinsa a rubuta wa ofishin tallafin kuɗi na jami'ar tare da takardar barin aiki, domin doka ta ba su ikon sake duba lissafin mutum ɗaya ɗaya.

Kyautar Pell, wato tallafin gwamnati da ba a mayarwa, ta masu digirin farko ce. Bashin da gwamnati ke ɗauke wa kuɗin ruwa yayin karatu an daina ba wa masu digiri na biyu tun Yulin 2012. Abin da ya saura shi ne bashin Direct Unsubsidized, wanda kuɗin ruwansa ke kan ɗalibi, dala 20,500 a shekara.

Abin da dokar 2025 ta sauya

A da, duk abin da dala 20,500 ba ta rufe ba, wani bashin gwamnati mai suna Grad PLUS ke cikewa har zuwa ƙarshen kuɗin da jami'a ta ƙiyasta, haya da abinci duka. Shi ya sa ɗalibai da yawa ba sa ko tambayar farashi. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta rufe Grad PLUS ga sabbin masu cin bashi daga 1 ga Yuli, 2026. Ta kasa ɗalibai gida biyu. Masu digiri na biyu na gama-gari suna da dala 20,500 a shekara, jimla 100,000. Masu karatun da aka kira na ƙwararru suna da dala 50,000 a shekara, jimla 200,000. Jerin ƙwararrun da Ma'aikatar Ilimi ta tsara a Nuwamba 2025 fannoni goma sha ɗaya ne, akwai likitanci da lauya da haƙori da haɗa magunguna, babu OT, babu gashin ƙashi, babu aikin jinya. Ka gina lissafinka a kan 20,500, sannan ka sa ofishin tallafin ya rubuta maka a imel rukunin da aka sa shirinka.

Wanda ya riga ya fara karatu kuma ya karɓi bashin gwamnati a kan wannan shirin kafin 1 ga Yuli, 2026 yana ci gaba da tsohon tsari, har shekara uku ko zuwa kammalawa, duk wanda ya fara zuwa. Sauya shiri ko janyewa na iya zubar da wannan dama, don haka mai tunanin ajiye karatu na zango guda ya tambaya tukuna.

Dala 20,500 ɗin ma ba ta isowa cif. Ana zare kashi 1.057 cikin ɗari tun daga tushe, wato kusan dala 217, ragowar a raba ta bisa zanguna. Kuɗin ruwa yana fara hawa ranar da aka saki kuɗin. Na shekarar 2025 zuwa 2026 kashi 7.94 ne, wanda ya kama kusan dala 1,628 a shekara, ko dala huɗu da rabi kowace rana, a kan bashin shekara ɗaya tak. Kowane Yuli ana sa sabon adadi, kuma kowane bashi yana riƙe nasa adadin har a gama biyansa.

Yadda ake fitar da giɓin

Kada ka kwatanta makarantu da kuɗin shekara. Shirye-shiryen OT ba sa hutun bazara, wasu zango shida suke, wasu bakwai, na dakta takwas ko tara. ACOTE ta wajabta wa kowane shiri ya wallafa jimlar kuɗinsa, da yawan masu kammalawa, da hanyar duba sakamakon ɗalibansa a NBCOT. Jimlar nan za ka ɗauka, ka ƙara kuɗin zamanka na gaske sau yawan watannin karatun, ka ƙara na tarkace.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don lissafi kawai. A ce shirin wata 28 ne, kuɗin makaranta dala 70,000. Haya da abinci da mota da inshorar lafiya dala 1,800 a wata, ya zama 50,400. Tarkace 3,000. Jimla 123,400. Idan karatun ya ratsa shekarun tallafi uku, iyakar abin da gwamnati za ta ba ka 61,500 ne. Giɓi 61,900. Jami'a mai zaman kanta da ke karɓar 130,000 a kan digiri iri ɗaya, giɓinta ya haura 120,000, kuma asibitin da zai ɗauke ka aiki ba zai ƙara maka ko dala ɗaya ba saboda sunan makarantar. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin albashin OT a dala 98,340 a Mayun 2024, amma wannan ya haɗa da masu shekara ashirin a bakin aiki da mazauna Kalifoniya. Sabon shiga, musamman a makarantun yara, ƙasa da haka zai fara.

Akwai wata tambaya da ɗalibai ba su cika sanin yi ba, kuma tana iya kai dubban daloli: yaya jami'ar ke ƙirga shekarar bashi? Wasu suna bin kalanda tsayayya, zangon Agusta da na Janairu su ne shekara, zangon Mayu kuma a liƙa shi a gaba ko a baya. Idan a baya aka liƙa shi, kuma ka cinye 20,500 a zanguna biyun farko, za ka isa Mayu hannu rabbana. Wasu kuma suna ƙirga shekarar daga ranar da ɗalibin ya fara, duk zango biyu sai sabuwar dama ta buɗe, wanda ya fi dacewa da karatun da ba ya tsayawa. Haka nan shirye-shirye da yawa a Mayu ko Yuni suke farawa, zangon farkon ya faɗa cikin FAFSA ta shekarar da ke ƙarewa. Irin wannan sai an cike fom biyu. Wanda ya cike ɗaya sai dai ya ga takardar neman biya babu tallafi a jikinta.

Mastas ko dakta

An taɓa yanke cewa daga 2027 digirin dakta, wato OTD, shi kaɗai zai zama ƙofar shiga, amma a 2019 AOTA, ƙungiyar ma'aikatan OT ta Amurka, ta tsayar da cewa hanyoyin biyu za su ci gaba. Jarabawa ɗaya ce, lasisi ɗaya ne. Dakta yana ƙara aikin kammalawa na mako 14 da darussan da ke kai shi, galibi zango ɗaya zuwa uku. Farashin wannan ƙari kashi biyu ne, kuɗin makarantar da kuma albashin watannin da abokinka mai mastas ya riga ya fara karɓa. A ganina wanda burinsa aikin asibiti ko makaranta, kuma da bashi zai yi karatun, mastas ya fi masa. Mai son koyarwa a jami'a yana iya yin dakta daga baya ta intanet yana aiki, wataƙila ma wurin aikinsa ya biya wani ɓangare.

Sabon shirin da bai gama samun tantancewa ba yakan yi rangwame don jawo ɗaliban farko. Ka duba matsayinsa a shafin ACOTE da idonka. Idan ajinku ya kammala ba a tantance shi ba, ba ku da damar zama jarabawar NBCOT, bashin kuwa yana nan.

Kuɗin da ba bashi ba

Mafi girman rangwame shi ne jami'ar gwamnati a jihar da kake zaune. Jihohi da yawa suna neman zaman wata goma sha biyu kafin a kira mutum ɗan jiha, kuma a wurare da dama zaman da aka yi don karatu kawai ba ya shiga lissafi. Wani lokaci dakatawa shekara guda ana aiki a jihar, da lasisin tuƙi da takardar haya da harajinta, ya fi duk wata sikolashif da za ka nema. Mazauna jihohin yamma su duba tsarin PSEP na hukumar WICHE, inda jihar ɗalibi ke biyan wani kaso na karatun OT a wata jiha. Wasu jihohin suna sharaɗin a dawo a yi musu aiki.

Aikin taimaka wa malami a bincike ko koyarwa yana zuwa da ragin kuɗin makaranta da ɗan alawus, sai dai guraben kaɗan ne kuma jadawalin OT a cike yake. A nema tun lokacin neman shiga, har a sassan da ba na OT ba, kamar ofishin ɗalibai masu naƙasa ko ɗakunan kwana, inda mai kula da bene kan samu ɗaki kyauta. Ba a fafe gora ranar tafiya: kuɗin jami'a na kanta da na Work-Study, wato aikin ɗalibai da gwamnati ke tallafa wa, ƙarewa suke yi, wanda ya cike FAFSA a Oktoba ya riga wanda ya cike a Afrilu.

Gidauniyar AOTF da ƙungiyoyin OT na jihohi suna ba da sikolashif duk shekara. Yawancinsu ƙanana ne, na littattafai da kuɗin jarabawa, ba za su cike giɓin dubu sittin ba. Wanda ya fi tsoka shi ne tallafin horar da ma'aikatan yara masu buƙata ta musamman, da ofishin OSEP na Ma'aikatar Ilimi ke ba wa wasu jami'o'i. Sharaɗinsa shekara biyu na aiki a fannin a kan kowace shekarar da aka biya maka, wanda ya fasa kuma kuɗin ya koma bashi a kansa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai aiki a asibiti a matsayin mataimaki ya tambayi ofishin ma'aikata, domin doka ta yarda wurin aiki ya biya har dala 5,250 a shekara ba tare da haraji ba. A lokacin cike haraji kuma akwai ragin Lifetime Learning, har dala 2,000.

Duk sikolashif da ka samo daga waje sai ka sanar da jami'a, domin jimlar tallafi ba ta wuce ƙiyasin kuɗin karatu. Ka roƙi a rage ta daga bashi mafi tsada.

Watanni shidan da ke karya mutane

Ƙarshen karatu akwai horon sanin makamar aiki mataki na biyu, mako 24 cikakku, galibi wuri biyu mako goma sha biyu-biyu. Awa arba'in a mako, kusan kullum babu albashi, kuma kana biyan kuɗin makaranta. Ɗan aikin yamma da ya riƙe ka shekara biyu a nan yake tsayawa. Jami'a ce ke zaɓar wurin, yana iya zama wani gari, sai ka wayi gari da haya biyu. Ga binciken tarihin laifi, gwajin ƙwaya, allurai, takardar horon ceton numfashi, kuɗin ajiye mota a asibiti, kowane wuri da nasa sharuɗɗan.

Ƙiyasin jami'a ba ya ganin wannan sai ka nuna musu. Kana iya neman a ɗaga ƙiyasin da shaidar haya ta biyu, tafiya, ko kuɗin renon yara. Amma ɗaga ƙiyasi ba ya ɗaga iyakar 20,500. Yana buɗe wuri ne kawai ga sikolashif ko bashin banki. Don haka kuɗin watannin nan tun zangon farko ake ware su. Kuma ka tabbatar yawan darussan da aka yi maka rajista lokacin horon ya kai rabin cikakken karatu, in ba haka ba ba a sakin bashi, tsofaffin basussukanka kuma su fara ƙirga ranar biya. Sabuwar dokar ma tana rage adadin bashin ga wanda rajistarsa ba ta cika ba.

Faɗuwa a wuri ɗaya na nufin maimaitawa, da sabon kuɗi da jinkirin kammalawa. Janyewa kafin a ci kashi 60 cikin ɗari na zango na sa jami'a ta mayar wa gwamnati wani kaso, ta juyo ta bi ka shi nan take. Bayan kammalawa ma albashi ba ya zuwa washegari: sai an aika sakamako, a biya NBCOT sama da dala 500, a zauna jarabawa, a jira lasisin jiha. Wata biyu zuwa uku na iya tafiya a nan, daga cikin wata shidan da ake ɗaga wa mutum ƙafa kafin fara biya.

Bashin banki da batun riba

Idan giɓi ya rage, bankuna za su miƙo hannu. Suna duba tarihin biyan bashi, kuma ɗalibin da ba shi da albashi sai da mai tsaya masa. A fahimtar da kawu ko yayan da zai sa hannu cewa bashin nasa ne daidai da naka. Wata ɗaya ka makara, sunansa ya ɓaci a wurin masu ba da bashin gida da mota. Bashin banki ba ya bin girman albashi, ba ya shiga shirin yafiya na gwamnati, kuma mai kuɗin ruwa mai hawa da sauka yana iya fara da araha ya ƙare da tsada.

Ga wanda ke gudun riba, gwamnati ba ta da bashin digiri na biyu marar kuɗin ruwa. Hukuncin larura na malamai ne. Ta fuskar lissafi dai, jami'o'i da yawa suna da tsarin biyan kuɗin zango kashi huɗu ko biyar babu ruwa, sai ɗan kuɗin rajista, kuma akwai ƙungiyar A Continuous Charity da ke ba ɗalibai Musulmi a Amurka rance marar ruwa, ko da yake masu nema suna da yawa. Wannan hanya ba ta yiwuwa sai da makaranta mai araha da tanadin shekara ɗaya ko biyu kafin a fara.

Biya, da tarkon PSLF

Dala 100,000 a kan kashi 8 cikin ɗari, in za a biya a shekara goma, dala 1,213 ce a wata, jimla kusan 145,600. In aka ja ta shekara 25, wata ya sauko 772, jimla ta haura 231,000. Basussukan da aka karɓa daga Yulin 2026 hanya biyu gare su: biya tsayayye na shekara 10 zuwa 25 gwargwadon girman bashin, ko tsarin RAP, wanda ke karɓar kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu, a rage dala 50 a wata kan kowane ɗa, a yafe ragowar bayan shekara 30. Mai samun dala 85,000 ba shi da iyali kashi 8 zai biya, kusan 567 a wata, kuma ruwan da biyansa bai rufe ba ana share shi.

Shirin PSLF, wanda aka kafa a 2007, yana yafe ragowar bashin gwamnati bayan biya 120, ba tare da harajin tarayya ba, ga mai aiki aƙalla awa 30 a mako a hukumar gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba. Makarantun gwamnati, asibitocin tsofaffin sojoji na VA da asibitocin jami'o'i da yawa sun shiga. VA tana da nata shirin EDRP, har dala 200,000 cikin shekara biyar a wasu gurabe, hukumar lafiya ta 'yan asalin Amurka, IHS, kuma tana biyan bashi a kan alkawarin aikin shekara biyu.

Inda ma'aikatan OT ke faɗawa shi ne wa ya ɗauke su. PSLF ba ta duba ginin da kake aiki a ciki, sunan da ke kan takardar albashinka ta W-2 take dubawa. Gidajen jinyar tsofaffi da gundumomin makarantu da yawa kwangila suke ba kamfanonin kasuwanci su kawo musu ma'aikata. Kana iya shekara biyar a makarantar gwamnati, yara ɗaya, aji ɗaya da abokiyar aikinka wadda makarantar ta ɗauka kai tsaye, ita nata biyan yana ƙirguwa naka ba ya ƙirguwa. Aikin yawo na wata uku-uku mai tsokar albashi shi ma galibi haka yake. Kafin ka sa hannu, ka karɓi lambar haraji ta mai ɗaukarka, wato EIN, ka saka ta a manhajar binciken ma'aikata da ke shafin studentaid.gov, sannan ka aika fom ɗin tabbatar da aiki duk shekara da duk lokacin da ka sauya wuri. Idan kuma banki ya yi maka tayin haɗe basussukanka a rage maka ruwa, ka sani duk bashin gwamnatin da ya koma hannun banki ya fita daga RAP da PSLF, kuma ba ya dawowa.